Kaka Ta Yi, Ina Tanadin Ajiya?

Ruwan sama ya ɗauke a mafi yawan sassan Arewa, iskar hunturu ta fara kaɗawa da asuba, kuma duk wanda ya bi hanya a 'yan makonnin nan zai ga shaidar cewa kaka ta yi. Ban da dammunan gero da dawa da ake ta ɗaurewa, ga tsibin dankali a bakin titi, ga kabewa jibge a kan rumfuna, ga albasar damina ana ɗurawa a buhu, ga barkono da kuɓewa an baza suna shan rana. Lokaci ne na godiya ga Allah, kuma muna taya manomanmu murna, musamman ƙungiyoyin gama kai na ƙauyuka da unguwanni, da ƙungiyoyin mata da na matasa, da makarantun da suka haɗa hannu suka noma lambu guda tun farkon damina.

Amma fa akwai tambayar da ya kamata a yi tun murna ba ta rufe mana ido ba. Daga cikin wannan amfani da aka tara, nawa ne zai kai watan Janairu lafiya, nawa ne kuma zai ga bazara? Kowace shekara labarin ɗaya ne. A kaka kaya su cika kasuwa har manomi ya rasa mai taya masa, wanda aka ajiye ya ruɓe a ɗaki, sa'an nan bayan 'yan watanni ma'aikaci ya riƙe albashinsa a hannu yana mamakin kuɗin albasa guda uku. Waɗanda suka yi cefane a ƙarshen shekarar 2020 ba su manta da yadda albasa ta gagari talaka a ƙasar nan ba. Mu a namu ra'ayin, babban ɓangare na wannan asara ana yin sa ne a cikin mako biyun farko bayan an cire amfani daga ƙasa, kuma mako biyun nan su ne hukuma da malaman gona da ƙungiyoyin manoma suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Matsalar ta shafi duniya baki ɗaya. A rahotonta na shekarar 2019, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi 14 cikin 100 na abincin da ake nomawa a duniya yana salwanta tsakanin gona da kasuwa, kuma a ɓangaren kayan lambu da 'ya'yan itatuwa asarar ta haura kashi 20. Tun kafin wannan, a shekarar 2014, shugabannin ƙasashen Afirka sun taru a birnin Malabo suka yi alkawarin rage asarar bayan girbi da rabi, suka ɗibar wa kansu wa'adin shekarar 2025. Wanda ke son ya san inda alkawarin ya kwana, ya leƙa bayan kowace babbar kasuwar kayan gwari ya ga abin da ake zubarwa a juji.

Kakanninmu sun gwanance wajen adana hatsi. Rumbun ƙasa da aka ɗora a kan duwatsu aka yi masa jinka yana iya riƙe gero a zangarniyarsa shekara da shekaru, domin ruwan da ya rage a jikin busasshen hatsi bai wuce kashi 12 zuwa 13 cikin 100 ba. Albasa kuwa kusan kashi 90 cikin 100 na jikinta ruwa ne, dankali kuma wajen kashi 70. Bayan an cire su daga ƙasa suna nan da ransu, suna numfashi, suna fitar da zafi da laima, kuma duk inda fartanya ta ƙwarzane su an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa ke nan. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka tsakanin cirewa da ajiyewa akwai wani mataki da ba a tsallake shi, watau 'yan kwanakin da ake bai wa amfani domin raunukansa su warke, ɓawonsa ya yi ƙwari. Kowane irin amfani kuwa da abin da yake bukata a cikin kwanakin nan.

Mu fara da albasa, tun da ita ce uwar kayan miya, kuma ita ce arzikin garuruwa irin su Aliero a Jihar Kebbi da Galmi a Jamhuriyar Nijar. Ajiyar albasa tun tana gona take farawa. Manomin da ya ci gaba da zuba mata takin yuriya har dab da cirewa zai samu manyan kawuna masu daɗin kallo, amma wuyansu zai yi kauri ya ƙi rufewa, kuma ta wuyan nan ruɓa ke shiga. Haka nan idan albasar rani ce, ya kamata a yanke mata ban ruwa kamar kwana 10 zuwa 14 kafin a cire ta. Alamar nuna ita ce fiye da rabin lawashin gonar ya kwanta da kansa. Idan an tumɓuke ta, a jera ta yadda ganyen wannan layi zai rufe kawunan wancan, ko kuma a kai ta ƙarƙashin rumfa mai shan iska ta ko'ina, domin zafin rana kai tsaye yana dafa ɓawonta, raɓar dare kuma tana mayar da aiki baya. A nan za ta zauna kamar mako biyu, har wuyanta ya bushe ya tsuke, ɓawon waje kuma ya riƙa ƙara idan an taɓa shi. Sai bayan wannan ne za a yanke lawashin, a bar kamar faɗin yatsu biyu a saman kai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne yanke lawashi tun yana ɗanye, a ranar da aka cire albasar, don a sayar da shi ko a daka gabu, sa'an nan a ɗura kawunan cikin buhu da jiƙaƙƙen wuya a ɗinke baki. Kuɗin da aka samu a lawashin bai kai kwatankwacin abin da za a zubar bayan wata guda ba. Kuskure na biyu shi ne wurin ajiya. Bincike ya tabbatar da cewa albasa tana zama lafiya ko dai a cikin sanyi mai kusa da ƙanƙara, ko kuma a zafin da ya kai digiri 25 zuwa 30, alhali a matsakaicin sanyi ne take saurin tsiro. Wannan rahama ce gare mu, domin yanayin ƙasarmu ya ba mu zafin kyauta. Abokan gabanta a nan su ne laima da rashin iska, da kuma ɗakin kwano da ke zama tanda da tsakar rana, inda baƙin gari-garin nan ke yaɗuwa a ƙarƙashin ɓawo. Shi ya sa rudun gargajiya na kara da zana, wanda aka ɗaga daga ƙasa aka yi masa rufin ciyawa, ya fi ɗakin siminti marar taga amfani nesa ba kusa ba, muddin rufin ba ya yoyo, kuma tsibin bai yi kaurin da iska za ta kasa ratsa shi ba. Har wa yau a tuna cewa albasar damina da ake cirewa yanzu ba ta da juriyar ta rani. Ita ce ya kamata a fara fitarwa kasuwa bayan ta sha iska, ta rani kuwa, wadda ake yafa irinta a wannan lokaci, ita ce ta doguwar ajiya, kuma tun yanzu ya kamata a fara tanadin rumfarta.

Dankalin Hausa kuwa halinsa ya saɓa wa na albasa. Ita busasshiyar iska take so, shi kuma ɗumi da laima yake bukata kafin rauninsa ya warke. Idan an yanke ganyensa mako guda ko biyu kafin haƙa, fatarsa takan yi ƙwari tun yana cikin ƙasa. Jinkirin haƙa kuma yana da nasa haɗarin, domin da zarar ƙasa ta bushe ta tsattsage, ƙwaron dankali yakan bi ta tsagar ya shiga ya huda shi, ya bar masa ɗacin da ko dabba ba ta so. A haƙa shi a hankali, kada a jefa shi, kada a wanke shi, kada kuma a bar shi a rana. A tara shi a inuwa, a lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa mai kauri, a ɗora buhunan algarara a sama, a bar shi kwana 4 zuwa 7. Zafin da yake fitarwa da kansa, wanda kan kai wajen digiri 30, tare da laimar da ciyawar ta tsare, su ne ke sa sabuwar fata ta rufe inda ya ƙuje, kuma a cikin kwanakin nan ne zaƙinsa ke ƙaruwa. Leda ba ta dace da wannan aiki ba, domin tana hana shi numfashi ta dafa shi. Wanda ya bar dankalinsa a buɗe cikin iskar hunturu kuwa zai tarar ya yamutse kafin raunin ya rufe. Bayan ya warke ana iya jera shi a rami mai shimfiɗar ciyawa a ƙarƙashin inuwa, ko a cikin busasshen rairayi hawa-hawa. Ga ma'aikatan da ke sayen buhu don gida, mu ƙara da cewa firji ba wurin dankalin Hausa ba ne, domin sanyin da ya yi ƙasa da digiri 12 yana lalata cikinsa.

Daga wannan bayani kowa zai gane dalilin da ya sa ƙungiyar da ta zuba albasa da dankali a ɗaki ɗaya, don kawai ɗaki ɗaya take da shi, ta cuci ɗaya daga cikinsu. Sauran kayan ma kowanne da ƙa'idarsa. Kabewa ba a tsinke ta sai ɓawonta ya gagari farce, a bar mata wutsiyarta kamar tsawon yatsa, kada a ɗauke ta ta wutsiyar, a ba ta kwana goma a wuri mai ɗumi da iska, sa'an nan a jera ta ba tare da an ɗora wata a kan wata ba. Idan an yi haka takan yi watanni. Dankalin Turawa, wanda manoman Mangu da Bokkos da Barkin Ladi a Jihar Filato suka shahara da shi, na ci duhu yake so, domin haske na sa shi ya yi kore, koren nan kuwa yana da dafi, alhali wanda aka ware don iri ya fi kyau a rumfa mai ɗan haske. Barkono da kuɓewa da kauɗar tumatir kuma, lokaci ya yi da za a daina shanya su a kan kwalta, inda ƙura da hayaƙin mota da awaki ke bi ta kansu. A ɗaga su a kan tabarma ko zana bisa gadon kara, a tabbata sun bushe sarai kafin a ɗura, domin barkonon da ya yi hunhuna yana iya ɗaukar gubar da ke cutar da hanta. Muna kuma gargaɗi da babbar murya ga masu yayyafa maganin ƙwarin gona a kan kayan da za a ci don wai kada su lalace. Wannan ganganci ne da rayukan jama'a.

Duk abin da muka zayyana bai bukatar inji ko wutar lantarki. Kara ne da zana da ciyawa da haƙuri. To, me ya hana a yi? A gonar ƙungiya dalilan sun fi na gonar mutum ɗaya yawa. Na farko, ranar girbi ranar gayya ce, kowa yakan fito, a yi aiki cikin raha da gaggawa, a so a gama a raba kafin rana ta faɗi. A cikin wannan hanzari ne ake sarar dankali da fartanya, ake wurga albasa daga nesa zuwa tsibi. Washegari kuwa, lokacin da aikin kulawa ya fara, sai a nemi mutane a rasa, domin kowa na ganin aikin wani ne. Na biyu, idan membobi suka haɗa kayansu a rumfa ɗaya ba tare da tantancewa ba, ragwancin mutum ɗaya kan shafi kowa, tun da wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma ruɓaɓɓiyar albasa ɗaya tana kama na kusa da ita. Na uku, wanda ya fi su duka nauyi, shi ne matsin bukata. A kaka ne mai bashin taki ke zuwa karɓar kuɗinsa, a kaka ne ake biki, ga kuɗin makarantar yara, ga asibiti. Manomin da dillali ke tsaye a kansa da kuɗi a hannu, ba shi da sukunin jiran mako biyu, balle wata huɗu.

Saboda haka gyara daga ƙungiyoyin ne zai fara. Ya kamata kowace ƙungiya ta zauna tun kafin ranar haƙa ta yanke shawara a rubuce: wa zai gyara rumfa, su wa za su riƙa dubawa, kuma yaushe za a sayar. A raba amfani gida uku tun a bakin gona, lafiyayye don ajiya, matsakaici don kasuwar wannan mako, wanda ya ji rauni kuma a ci ko a yanka a shanya. A tsara juyi yadda kowane mako mutum biyu za su shiga rumfa su tsince wanda ya fara lalacewa. A buɗe littafi a rubuta abin da ya shiga da abin da aka zubar da abin da aka sayar, a kuma karanta shi a gaban kowa, domin ƙungiyoyi da yawa zargi ne ya wargaza su tun kafin ruɓa ta cinye kayansu. Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka, alal misali, ƙungiya ta ajiye buhu 100. Idan ta zubar da 40 saboda rashin kulawa, sai farashi ya tashi da kashi biyu cikin uku kafin ta mayar da abin da za ta samu da ta sayar tun ranar farko. Idan kuwa 15 kawai ta rasa, ƙaramin tashin farashi ma riba ce.

Ga hukuma kuma, gaskiya ita ce an yi ƙoƙari wajen ƙara yawan abin da ake nomawa. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka buɗe filayen noman rani na Kadawa. An yi shirin ciyar da ƙasa a 1976, aka yi shirin bunƙasa noma na gwamnatin Shugaba Shehu Shagari a 1980, sa'an nan shirin Fadama ya biyo baya a farkon shekarun 1990, ya kai famfunan ban ruwa lungu-lungu. Amma a mafi yawan shirye-shiryen nan ma'aunin nasara shi ne tirela nawa ta taki aka raba, eka nawa aka shuka. Ba safai ake tambayar buhu nawa ya kai bakin mai ci ba. Ilmin kuwa yana nan a ƙasa. Muna da Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona da ke Ilorin mai reshe a Kano, muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, muna da Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ibadan mai tasha a Bagauda. Abin da ya rage shi ne a fito da abin da suka gano daga cikin kabad a kai shi bakin fadama da harshen da manomi ke ji.

Bisa ga haka muna kira ga Ma'aikatar Aikin Gona da ta mayar da watannin Oktoba da Nuwamba, da kuma Maris da Afrilu, lokacin da malaman gona za su kasance a ƙauye maimakon ofis, a ba su abin hawa da man da za su kai can, kuma rahoton da za su kawo ya ƙunshi yawan asarar da aka yi a ajiya. Muna kira ga ƙananan hukumomi da su taimaka wa kowace ƙungiya mai rajista da fili da itace da ƙusa, membobi su kawo kara da ƙarfinsu, a kafa rumfar shan iska a kusa da gona. Rumfuna ashirin irin waɗannan da ke aiki sun fi katafaren ɗakin sanyi guda da za a buɗe da biki a rufe shi bayan wata shida saboda rashin wuta. Gidajen rediyo na gwamnati kuma su ware lokaci a wannan kaka don bayyana waɗannan matakai dalla-dalla.

Sa'an nan a dubi maganar rance, domin ita ce ƙashin bayan al'amarin. A Jamhuriyar Nijar, tun ƙarshen shekarun 1990 aka fara wani tsari inda ƙungiyar manoma ke zuba amfaninta a sito mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. Ana bai wa manoma wani kaso na darajar kayan su biya bukatunsu na kaka, idan farashi ya tashi a sayar, a biya bashin, su riƙe ragowar. An fi yin wannan da hatsi da wake, domin su ba sa raguwa kamar albasa. To amma wannan ma hujja ce a gare mu, domin babu bankin da zai karɓi jinginar albasar da aka ɗura da ɗanyen wuya. Sai ƙungiya ta nuna a littafinta cewa asararta kaɗan ce kafin a amince mata. Ya kamata sashen ƙungiyoyin gama kai da ƙananan bankunan al'umma su gwada wannan tsari da ƙungiyoyi kaɗan da suka nuna ƙwazo, a ga abin da zai haifar.

Ga ɗalibanmu, musamman na kwalejojin aikin gona da na horon malamai, wannan fage ne da ke jiran ku. Yawancinku daga gidajen manoma kuka fito. Ɗalibin da ya je hutu ya taimaki ƙungiyar ƙauyensu ta auna buhu goma a ranar ajiya, ta sake auna su kowane wata, ya rubuta abin da ya gani, ya yi binciken da ya fi amfani da kwafar littafin da aka rubuta don wata ƙasa mai dusar ƙanƙara. Makarantun da ke da gona kuma su daina rufe darasi a ranar girbi. A nuna wa yara yadda ake gane wuyan albasa ya bushe, da yadda ake lulluɓe dankali, su koma gida su nuna wa iyayensu.

Ma'aikacin gwamnati shi ma yana da ruwa da tsaki a wannan magana, ko da bai taɓa riƙe fartanya ba, domin duk buhun da ya ruɓe a ƙauye a watan Nuwamba, shi ne zai biya kuɗinsa a kasuwa bayan 'yan watanni. Takardar da ke kan teburinsa ta neman kuɗin man babur ɗin malamin gona, ko ta rajistar wata ƙungiyar mata, idan ta kwana wata guda ba a sa mata hannu ba, kaka ta wuce ke nan sai baɗi. Manomi ya yi nasa, ya sha rana ya sha ruwa wata biyar. Kada mu bari guminsa ya ƙare a juji saboda sakacin kwana goma sha huɗu. Allah ya sa wa abin da aka noma albarka, ya kuma ba mu ikon tattalinsa.